Ranar da Tsofaffin Sojoji Suka Wanke Dodon Littafina

Na san abin da gwaggonku take gaya muku duk lokacin da aka taɓo maganar littafin nan. Cewa take yi arziki ya zo wa uwarku har bakin ƙofa, ta sa ƙafa ta ture shi saboda wani dodo da ita da kanta ta ƙirƙira. Ba ƙarya ta yi ba, sai dai rabin labarin ta sani, rabin ma a bakin rijiya ta tsinto shi. Tunda idona ya fara gajiya amma hannuna bai fara rawa ba, bari in rubuta muku sauran, kada wata rana jikokina su ɗauka kakarsu Saratu sakarya ce.

A shekarar da wayar salula ta fara kamawa a Zuru, lokacin da sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama kafin ya ji muryar ɗan'uwansa, ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata. A bakin kasuwa akwai shagon Mama Nkechi, 'yar kabilar Ibo da ta daɗe a garin har 'ya'yanta sun fi nawa jin yarenmu na C'lela. Tana sayar da biro da littattafan rubutu, tana da injin fotokofi da janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. A lungun shagon akwai kwali cike da littattafan Turanci na gwanjo waɗanda ba mai taɓa su sai ɓeraye. A nan na fara cin karo da irin littattafan da suka juya mini kai: jirgi yana tafiya tsakanin taurari, a cikinsa akwai mutane da halittun wasu duniyoyi, sai a wayi gari a ga gawa. Abin da ya kama ni shi ne babu inda za a gudu. Ba dajin da za a ce mai laifi ya faɗa, ba katangar da za a ce ya haura. Duk wanda ya yi kisan yana nan cikin waɗanda kuke sa hannu a kwano ɗaya. Ɗalibaina kuwa littattafan soyayya suke ɓoyewa a ƙarƙashin tebur, in ƙwace, in kai gida in karanta, in ji haushi cewa kullum labarin bai wuce ƙofar gidan su yarinya ba. Sai na ce wa kaina, Hausar da ta ɗauki wannan kukan duka ai za ta iya ɗaukar jirgi zuwa sama.

Haka na fara rubuta nawa. Jirgin na sa masa suna Gamzaki. Yana ɗauke da irin dawa da gero zuwa wata sabuwar duniya inda mutane za su fara noma. A hanya suka ɗauki ɗan jagora, wata doguwar halitta mai fata ruwan toka, da zane-zane a fuska, da haƙora masu tsini. Ba ya jin yaren mutane, mutane ba sa jin nasa, sai ta wata na'urar tafinta da mataimakin kyaftin yake rataye da ita a wuya. Ana tsakiyar tafiya aka tsinci mai kula da sito a mace cikin buhunan iri. Likitar jirgin, mace mai taurin kai wadda kowa ya ce da ni take kama, ita ce za ta gano mai laifi. Ƙarshen yana kaina tun kafin in sa biro a takarda: baƙon ne ya yi.

Wani abokin aikina da ke zuwa Kano ya kai wa wani mai buga littattafai babobin farko. Bayan ɗan lokaci aka ce in hau tudu in jira kira. Mutumin ya ce bai taɓa ganin irinsa da Hausa ba, zai buga, har ya ba mai zane aikin bango. Abin da ya rage in kawo masa babin ƙarshe da zarar an yi girbi. Na sauko daga tudun nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kafin rana ta faɗi na gaya wa malaman makarantarmu, na gaya wa matan zumunta a coci, na gaya wa mai nama. Ni, 'yar dutse, wadda Hausa ba ita na sha a nono ba, sunana zai hau bangon littafi a Kano. Ba na jin kunyar cewa na so abin nan kamar raina.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Ina tsoron Kanawa su yi wa Hausata dariya. Shi ya sa na nemi kunnuwan da za su saurara kafin takarda ta bar gari, kuma ba sai na yi nisa ba. Kun san Zuru, kowane gida akwai soja, ko mai rai ko wanda hotonsa ke rataye a bango. Kakanku, Saje Bawa mai igiya uku, yana da mangwaro a ƙofar gida, kuma duk Asabar da la'asar tsofaffin sojoji sukan taru a gindinsa. Su yi ƙorafin fansho, su yi gardamar wanda ya fi wani iya fareti, su zagi gwiwoyinsu. Babban mai baki a cikinsu shi ne Kofur Audu, gajere, mai gashin baki kamar tsintsiya, wanda ya zaga barikokin ƙasar nan har Hausarsa ta zama gauraye. Kakanku shi ne mai shiru. A duk tasowata ban taɓa jin ya ba da labarin ƙasar da aka kai su aikin kwantar da tarzoma yana saurayi ba. In an taɓo wajen sai ya tashi ya ce zai duba awaki.

Na ɗauki kujera na zauna a gefensu na fara karantawa. Na zaci taurari za su ba su mamaki. Ko a jikinsu. Ban gama shafi biyu ba Kofur Audu ya ɗaga sandarsa.

"Dakata, ɗiyar Saje. Wanga jirgi, wa ka gadi nai?"

"Baba Kofur, a sarari ake. Ba ɓarawo."

"Ko cikin rijiya ne sai an sa gadi. Kuma kyaftin ya shigo ɗaki ba wanda yas sara mai? Wagga ba runduna ba ce, kasuwa ta."

Haka muka yi ta yi har damina ta yi nisa. Sun sa na gyara lokacin cin abincin jirgin, sun sa na ƙara wa mai dafuwa mataimaki, sun yi rantsuwa cewa ba a ajiye iri kusa da injin. A kan Hausar da na zo nema ba wanda ya ce uffan. Shi kuwa baƙon, sunan da na ba shi bai zauna a bakinsu ba. Da suka ji sabon shiga ne, ba ya jin yare, kowa yana aikensa da hannu, sai suka ce ai wannan kurtu ne, wato sabon soja da bai san dama da hagu ba. Daga ranar ya zama Kurtu. Suna tambayata lafiyarsa kamar ɗan unguwa. Na lura kakanku ya daina tashi duba awaki, yana matso da kujerarsa in an zo wajen Kurtu, amma ban kawo komai a raina ba.

Ranar da na karanta inda aka ga gawa, aka kama Kurtu aka kulle, na rufe takarduna na ce sai Asabar mai zuwa za su ji ƙarshe. Kofur Audu ya buga sanda a ƙasa.

"A'a. Rai ya salwanta cikin runduna, ba a jiran Asabar. Kwamitin bincike aka kafawa."

Na ɗauka wasa ne. Sai na ga tsofaffin nan sun gyara zama, sun jera benci, an kawo tebur daga cikin gida. Aka ce Saje ya shugabanta tunda shi ne babba, ya girgiza kai, Kofur ya hau. Ni aka tsayar a matsayin shaida, ni da na rubuta abin. Suka yi mini tambayoyi har gumi ya karyo mini. Wa ke riƙe da makullin sito? Wa ya fara ganin gawa? An ga jini a jikin Kurtu? Na ce ba a gani ba, amma ya amsa laifinsa da bakinsa.

"Da bakinai?" in ji Kofur. "Ke kin ji shi?"

"Na'ura ta fassara."

"Na'urar tana wuyan wa?"

"Mataimakin kyaftin."

Suka kalli juna. Suka haɗa kai suka yi ƙus-ƙus, sannan Kofur ya miƙe ya ce kwamiti bai sami Kurtu da laifi ba, a sake shi, a kama mai tafinta. Dariya ta kama ni har na riƙe ciki.

"Haba, Baba Kofur! Ni na halicce shi fa. Ni na san shi ya yi. Ba ku ga haƙoransa ba?"

Ba wanda ya taya ni dariyar. Kakanku ya miƙe a hankali, ya ɗauki kujerarsa ya shige gida. Tuwon da aka kai masa da yamma haka aka dawo da shi.

Washegari bayan an tashi daga coci ya ce in raka shi gona. Dawa ta yi tsawo ta rufe mu. Ya zauna a kan wani dutse, ya daɗe yana murza ganye a hannunsa, sannan ya tambaye ni ko na taɓa jin sunan Tanko. Na ce a'a. Ya ce Tanko ɗan wajen Ribah ne, tare suka yi golmo. Ku 'yan yanzu ba ku san golmo ba sai a baki. Noma ne da samari ke haɗuwa su yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba ɗayansu aure, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta wancan. Wanda kuka yi golmo tare ya wuce aboki. Tanko ya yi wa mahaifin uwata noma kamar shi za a ba matar. Daga nan suka shiga soja tare, aka saka su jirgi tare zuwa waccan ƙasar.

"Tanko yana da tsage har kunne," in ji kakanku, "kuma haƙoranai na gaba a feƙe suke, irin na mutanenmu na da. Wurinmu ado na. Can kuwa in yab bi titi, mata sai su janye ɗiyansu. Cewa suke muna cin mutane."

Ya ce wata rana aka kashe wani mai kanti a garin da suke. Mutanen gari suka ce mai haƙoran nan ne. Aka zo aka kama shi. Tanko ba ya jin yarensu, Turancinsa bai wuce na fareti ba, Hausarsa ma ta tsaya a ciniki. Aka kawo wani tafinta ɗan garin da ya ce yana jin Hausa.

"Ni da Tanko muna gadi wuri guda ranar. Na hwaɗi. Na rantse. Tafinta yaj juya yay yi magana tasa, ban san mi yac ce ba. Tanko yay yi magana mai tsawo, yana kuka, tafinta yaf faɗi kalma biyu. Sai munka ga alƙali ya rubuta. Daga baya anka ce muna wai ya amsa."

Aka miƙa shi ga hukumar garin, bai fito daga kurkukunsu da rai ba. Labarin da ya riga kakanku isowa gida shi ne Tanko ya kashe mutum a ƙasar waje. Kakanku ya je Ribah ya faɗi gaskiya, dattawa suka ce ai dole ya faɗi haka, abokin golmonsa ne. A al'adar mutanenmu na dutse, in namiji ya mutu, matan gidan sukan gina tukunya ta musamman a kafa a makabartar dangi, ko da gawar ba ta dawo ba, don mai wucewa ya san an yi mutum a gidan. Dattawa suka hana a kafa wa Tanko. Suka ce ba a yi wa mai jini a hannu tukunya.

Ni da na tashi ina ganin kakata da haƙora a feƙe, tana tauna mini gyaɗa tana sa mini a baki, ni ce na ɗauki haƙoran nan na ba dodo don mai karatu ya ji tsoro. Daga littattafan kwalin Mama Nkechi na kwaso, ban ko duba ba. Kakanku bai ce in canza komai ba. Ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"Littahinki na, Saratu. Ki yi yadda kika so. Amma ranar da za ki karanta ƙarshen, ki hwaɗa mini da wuri in taho gona."

Kada ku ɗauka tausayi kaɗai ya sa na sake rubutu. Ni malamar kimiyya ce, ba na canza amsa don wani ya yi kuka. Dakatar da karatun Asabar na yi, na koma na karanta littafin daga farko, sai na ga abin da tsofaffin nan suka gani. Duk kalmar da Kurtu ya furta tun shigarsa jirgi ta bakin mutum ɗaya ta fito. Na gina ƙofa babba a tsakiyar labarin ban sani ba. Da na bi ta, komai ya zauna daram. Mataimakin kyaftin ya yi sakaci zafin injin ya kashe rabin irin, mai sito ya gano, shi kuwa ya rufe masa baki har abada, sannan ya sa wa baƙo maganar da bai faɗa ba. Likita ta gane ne da ta zauna da Kurtu a ɗakin da aka kulle shi, ba na'ura, tana nuna abu yana faɗin sunansa, har ta koyi abin da ya isa ta ji "ban yi ba" daga bakinsa. Da na ajiye biro na san wannan ya fi na farko nesa ba kusa ba. Har yau ban canza ra'ayi ba.

Da aka yi girbi na shiga mota zuwa Kano. Ba zan ɓoye muku ba, babi biyu na saka a jaka, tsoho da sabo. Mai buga littattafan dattijo ne mai fara'a, ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo mini lemo. Sannan ya jawo bangon littafin ya shimfiɗa a tebur. Wayyo, ya yi kyau. Baƙin sarari, taurari, jirgi kamar azurfa, ga Kurtu ya cika rabin shafi da haƙora a waje suna ɗigar jini. A ƙasa ga sunana da manyan baƙaƙe ja. Na sa yatsa na shafa sunan. Na miƙa masa sabon babin, ya sa tabarau ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau.

"Malama, rubutu ya yi. Amma ba zai sayu ba. Mai karatu dodo ya gani a bango, dodo ya saya, dodo yake so a kama. Ki ce masa mutum ɗan'uwansa ne mugu, dodo kuma salihi? Ai sai ya ce an cuce shi."

"Alhaji, a canza bangon mana."

"An riga an yi farantin ɗab'in bangon, an buga. Kuma ko ba a buga ba, gaskiya ba zan sa hannu a wannan ba. Na san kasuwata. Ba ki da wani ƙarshen?"

Yana cikin jakata, a kan cinyata. Ina jin gefen takardun ta cikin fata. Ba wanda zai sani a Kano, kuma kakanku da kansa ya ce littafina ne. Da na miƙa, da yanzu kuna da uwa marubuciya, da gwaggonku tana yawo da littafin a jakarta tana nuna wa mutane a mota. Na kalli bangon nan na ga jinin da ke ɗiga daga haƙoran, sai na ga kakanku zaune a kan dutse cikin dawa, shi kaɗai, yana jiran a gama karatu ya dawo gida.

"Ba ni da wani, Alhaji."

Ya yi mini nasiha irin ta uba, ya ce dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu. Gaskiya ya faɗa, ba ta sake zuwa ba. Na tattara takarduna na yi masa godiya. A mota na yi kuka har wata mata ta tambaye ni ko rasuwa aka yi mini.

Dawowa ta fi tafiya wuya. Garin da na cika da labari yana jirana. A ɗakin malamai aka sa mini suna Malama Dodo, ɗalibai suka ɗauka, har yau akwai matan aure a garin nan da ba su san sunana na gaskiya ba. Gwaggonku ta zo har gida ta ce an yi mini asiri. Babanku, Allah ya ji ƙansa, ya bari sai da ta tafi, sannan ya ce shi dai bai taɓa karanta littafi ya ƙare ba, amma wannan zai karanta. Mama Nkechi ce ta fitar da ni. Ta ji labari ta aiko a kira ni.

"Malama, kawo takarda. Kano ba ya so, Zuru yana so. Injin nawa ba ya tambaya wanene ya kashe."

Muka yi fotokofi, muka ɗinke da zare, bango kwali ne shuɗi ba zane. Sunana da biro na rubuta a kan kowane ɗaya.

Asabar ɗin da zan karanta ƙarshen, na je na sami kakanku da safe kamar yadda ya roƙa. Na ce yau ne. Ya ɗauki fartanya. Na ce, "Baba, gona ba aiki yanzu, an yi girbi. Ka zauna." Ya dube ni, sannan ya jingine fartanyar.

Gindin mangwaro ya cika, har da mata a bakin zaure. Na karanta yadda likita ta zauna da Kurtu tana koyon yarensa kalma-kalma. Na karanta yadda ta tsaya gaban kyaftin ta ce a cire na'urar daga wuyan mataimaki a bar baƙo ya yi magana, ita za ta fassara. Da na zo inda aka buɗe ƙofa Kurtu ya fito, Kofur Audu ya daka tsawa irin ta fareti. Tsofaffin nan, masu ciwon gwiwa da masu sanda, suka miƙe suka ƙame, suka sara wa halittar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Na ga abubuwa a rayuwata, amma ban taɓa jin kaina ya yi girma kamar ranar ba.

Kakanku bai zauna ba da sauran suka zauna.

"Kofur, kwamitinka ya watse?"

"Bai watse ba, Saje."

"To ina da shari'a."

A tsaye ya ba da shaida, da C'lela, ba tafinta. Ya faɗi inda suka yi gadi, da abin da suka ci, da waƙar golmo da Tanko yake yi a ranar don kada barci ya ɗauke su. Wasu daga cikin tsofaffin sun san labarin a matsayin abin kunya da ba a taɓawa, ba su taɓa jin sa daga bakin wanda yake wurin ba. Suka yi masa tambayoyi masu zafi kamar yadda suka yi mini, ba sassauci. Sannan suka haɗa kai. Kofur ya miƙe ya ce kwamiti bai sami Tanko da laifi ba. Wani daga baya ya ce hukunci ba ya cika sai an kai wa dangi.

Ranar kasuwa muka tafi. Ku yi tunanin jerin 'yan kabu-kabu a hanyar Ribah, kowane babur da tsoho a baya, sanye da tsohon kakin da ya yi masa yawa, lambobin yabo suna ƙara a ƙirji. Ni ina bayan babanku da littafi mai shuɗin bango a jaka. Dattawan da suka hana tukunya duk sun mutu. Wadda ta rage a gidan ita ce ƙanwar Tanko, Kande, tsohuwa tukuf, ta rankwafa, tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa. Da ta ga kaki ta tsorata, ta zaci wani jikanta ne ya mutu.

Sojojin suka jeru a tsakar gida. Kofur ya faɗi hukunci da Hausa, kakanku ya maimaita da C'lela. Mutanen gidan da maƙwabta suka taru suna ji. Kande ta ajiye gyaɗar. Ta tambayi abin da ya tayar da maganar bayan shekarun nan duka, kakanku ya nuna ni, ya ce ɗiyarsa ce ta rubuta labarin wani baƙo a cikin taurari da aka yi wa ƙarya. Ta ce a gaya mata. Na durƙusa a gabanta na ba ta labarin Kurtu a taƙaice da yarenmu, ina neman kalmar da zan kira jirgin sama jannati da ita ina rasawa. Ta saurara har ƙarshe.

"Shi wannan, an sake shi?"

"An sake shi, Iya."

"Ya koma gida?"

"Ya koma."

Ta gyaɗa kai. Ta dafa rumbu ta miƙe, ta sunkuya ƙarƙashinsa, ta fara jawo tsummoki da karan dawa. Wata jikarta ta zo taimako ta ture ta. Can sai ga tukunya, baƙa, da zane a wuya irin tsagen gidansu, ƙura ta rufe ta. Tun tana budurwa ta gina ta, a makon da labari ya zo. Da aka hana ta kafawa ba ta fasa ba. Ta tafi gidan aure da ita, ta dawo da ita, rumbu ya rushe an sake gina wani ta mayar da ita ƙarƙashi. Ta sa bakin zanenta ta goge ta, ta gwada ɗagawa, hannun ya ƙi. Ta dubi kakanku, ta dubi sojojin, sannan ta dube ni.

"Mace ka ɗauka," ta ce. "Zo, ɗiyata. Ke kika buɗe mishi ƙohwa."

Aka yi mini gammo aka ɗora mini. Makabartar tana kan dutse, hanyar duk tsakuwa, ni kuwa da takalmin zuwa makaranta. Kande tana gaba da sanda, ni ina biye, bayana tsofaffin sojoji suna taka sawu ɗaya gwargwadon abin da gwiwa ta yarda. Ina jin kakanku a bayana yana wata waƙa ƙasa-ƙasa wadda ban taɓa ji ba, na san ta golmo ce. Wuyana ya yi kwanaki yana ciwo.

Littafin bai taɓa shiga kasuwar Kano ba. Kwafin da ya rage yana cikin akwatina, zaren ya saki, kuna iya ɗauka in na tafi. Tukunyar kuwa tana nan a kan dutsen, na je na gani bara. Duk ranar da gwaggonku ta sake cewa uwarku ta ture arziki da ƙafa, kada ku yi mata gardama, babba ce. Ku ɗauke ta a mota ku kai ta Ribah, ku hau da ita, ku nuna mata.